Taliyar Tela

Ranar Talata likita ya ɗora Mama a kan sikeli, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya juyo ya kalle ni kamar ni ce na cinye naman jikinta.

"Sati uku ke nan da yi mata aiki," ya ce. "Ɗinki ya kame, ciwo ya warke, babu abin da zai hana ta cin abinci. Ku dawo ranar Litinin. In na ga ba ta fara ci ba, kwantar da ita zan yi, mu sa mata roba ta hanci."

Sai da muka shiga mota Mama ta kamo hannuna ta ce, "Kar ki bari su sa min abin nan." Ta ga robar a hancin matar da ke gadon kusa da nata lokacin da take kwance a asibiti, kuma ta ga yadda aka fitar da matar a lulluɓe. Ni kuwa sai na ce mata, to ai sai ki ci abinci! Da ƙarfi ma na faɗa, har direba ya leƙo ni ta madubi. Allah ya yi ni da bakin da ke rigan tunani fita. Ba banza ba tun ina ƙarama Mama take kirana Sarkin Sauri.

A kantin magani nake aiki, shekara goma sha ɗaya. Tun ranar da aka sallamo ta na ɗauki hutu, na kwaso kayana na dawo gidanmu, na karɓe kicin. Karɓewa kuwa ta gaske. Na wanke kwalaben da take zuba kayan ƙamshi, na liƙa wa kowace takarda, na jera su bisa tsawo, na rubuta jadawali na manna a jikin firij. Ita kuma na kafa mata doka: daga gado sai kujerar falo, daga kujerar falo sai gado. Da na ji motsinta ya nufo kicin sai in fito da ludayi a hannu.

"Ina za ki, Mama? Koma ki zauna. Me kike so in kawo miki?"

Sai ta tsaya ta dube ni, ta dubi bayana, ta juya.

Kowa a gidanmu ya san taliya ce abincinta. Da lafiyarta tana iya ci safe da rana da yamma ba ta ce ta gaji ba. Don haka bayan maganar likita na sayo leda shida, na ɗaura ɗamara. Auta, ƙanwata da ke aure a nesa, ta dinga turo min bidiyon girki a waya har sai da na ce mata ta shafa min lafiya, ba gidan abinci zan buɗe ba.

Laraba na yi mai tumatir. Na soya albasa har ta yi laushi, na zuba tumatir huɗu, na bar su suka narke, na ƙara ludayi ɗaya na ruwan da na dafa taliyar don miyar ta kama jikinta. Da yamma na yi ta tafarnuwa da mai kawai, wadda ba ta kai minti goma sha biyar. Alhamis na kaɗa ƙwai biyu da cuku, na sauke tukunya, na zuba a kan taliyar tana tururi, na juya har ta yi santsi. Juma'a kifin gwangwani da lemun tsami. Asabar na kakkarya ta ƙanana na dafa a romon kaza da karas, na ce ko sha ne ta yi. Ba yabon kai ba, kowace ta yi kyau. Ni da Baba muke cinye ragowar, har wandonsa ya fara kama shi.

Ita kuwa fa? In ajiye tire a gabanta, in zauna, in ce, "Cokali biyar kawai, Mama. Biyar. Sau uku a rana." Sai ta ɗauki ɗaya, ta daɗe da shi a baki kamar an ba ta ajiya, ta haɗiye da ƙyar, ta ture farantin a hankali.

"An gode. Ya yi daɗi."

Wannan "ya yi daɗi" shi ya fi komai tayar min da hankali. Matar da tun da nake ban taɓa jin ta yabi girkin wani ba sai ta haɗa da amma! Ko a gidan mutane aka ba ta abinci, sai mun fito ta ce min a kunne mai ya yi yawa.

Da rana takan zauna tana fuskantar taga. Labulen fari ne, ya tsufa har ana ganin inuwar masu wucewa a titi, su zo su wuce ba fuska, wani da keke, wata da kaya a ka. Idanunta a buɗe rabi. Ban san ko barci take ko ido biyu ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Wani lokaci sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Kin san me nake ji? Kamar an wanke ni an shanya. Iska tana ɗan kaɗa ni, ba nauyi, ba komai. Da daɗi fa."

"Ba wani daɗi," na ce. "Yunwa ce."

Ta yi murmushi ta ci gaba da kallon labule. Na shiga kicin na buɗe famfo don kar ta ji ni. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ni in tsoro ya kama ni faɗa yake zame min.

Baba tela ne. Shagonsa a jikin gida yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin barandarmu. Shekara arba'in da biyar yana yanka yadi, kuma abin da yake tinƙaho da shi a duniya guda ɗaya ne: bai taɓa ɓata yadin mutum ba. Ko sau ɗaya. In ka zauna da shi minti goma sai ka ji wannan labarin. Amma ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba, shayinsa ma sai an motsa masa.

Ranar Asabar da yamma, yana shan romon da Mama ta ture, sai ya ce, "Da fa ba ta leda take ci ba. Da hannunta take yi."

Sai wani abu ya motsa min can nesa. Ina ƙarama, ina bi ta ƙarƙashin wasu farare dogaye da aka rataye a bayan kujeru, suna taɓa min goshi, suna da sanyi. Na daɗe ina zaton mafarki na yi.

"Wuyan hannunta ne ya fara ciwo, ta daina," ya ce. "Ni kuwa na san yadda ake yi. Shekara nawa ina kallo daga kan keke."

"Baba, kallo ai ba iyawa ba ne."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," ya ce, ya ɗaga kwanon ya shanye.

Lahadi ta zo, saura kwana ɗaya. Da safe Mama ta sha shayi rabin kofi. Da rana ko tiren ba ta kalla ba. Na rasa abin da zan ce, na rasa wanda zan yi wa faɗa, sai na kwanta a kan kafet kusa da ƙafarta, na ce bari in ɗan miƙe baya. Fanka tana juyawa a hankali. Inuwar mutane tana wucewa a labule. Barci ya ɗauke ni ban sani ba.

Ƙarar almakashi ce ta tashe ni. Da ita na girma, ko a cikin barci na san ta, amma yau ta fito daban, a tausashe, kamar ana yanka abu mai rai. Mama tana nan yadda na bar ta. Na tashi na bi baranda, ƙafata ba takalmi, kaina bai gama dawowa ba, na tura ƙofar shago.

Baba ya rufe ƙofar titi. Haske ta 'yar tagar sama kaɗai yake shigowa, dogo, a karkace, garin fulawa yana yawo a cikinsa bai da niyyar sauka. An kwashe komai daga teburin yanka, an wanke shi, an barbaɗa fulawa. A kai ga kwaɓi a shimfiɗe, an murza shi ya yi faɗi da sandar katakon da ake naɗe yadi a jiki. Baba yana tsaye, tef a wuya, tabarau a kan hanci, fulawa har a girarsa. A bayansa kuwa, a kan igiyar da yake rataye ɗinkin mutane, tsakanin wata riga marar hannu da wani wando da ba a kafa wa zip ba, ga hanga bakwai, kowace ɗauke da taliya, farare, dogaye, suna ɗan lilo a iskar fanka. Na daɗe a tsaye. Wallahi da wani ya ce min har yanzu ina kwance a kafet da na yarda.

"Fulawa kofi biyu, ƙwai uku, gishiri, ɗan mai," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Na murza har hannuna ya gaji, na rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle rabin awa. Haka take yi. Kika ce kallo ba iyawa ba."

Ya ɗora doguwar rula a kan kwaɓin, hannunsa ya tafi kunne inda yake maƙala alli.

"Baba! Kar ka sa alli!"

"Ke, ni yaro ne?" ya ce, ya zare allin ya jefa a aljihu da sauri. Ya ja layi da bayan almakashi, ya bi shi ya yanka, miƙe sar, ko kaɗan bai kauce ba.

Na matsa na taɓa ɗaya. Sanyin nan ne dai, irin wanda na tuna. Amma sai na ga kamar ta yi faɗi.

"Baba, wannan ai ta kai yatsa biyu."

"Biyu ne cif. Ta mamarku yatsa ɗaya take yi a faranti, na tuna sarai. Ɗayan rara ce na bar mata. Duk abin da zai shiga ruwa sai ka bar masa rara, in ba haka ba ya tsuke ka ji kunya. Ruwan zafi kuma? Ai sai abin da hali ya yi."

Ku ji fa. Ni da na kwana biyar ina dafa taliya safe da yamma, ni da na san komai, sai na ce, "Haka ne kuma." Yadda ya faɗi maganar ne, da muryar mutumin da bai taɓa kuskure ba. Ta shige ni tsaf. Na ma taya shi ɗaukar hanga zuwa kicin, ni uku shi huɗu, muna tafiya a hankali a baranda kamar masu ɗauke da kayan da aka goge.

Na ɗora babbar tukunya. Ruwa ya tafasa, muka zuba. Taliyar ta nutse, ta ɗan ɓace a cikin kumfa, sannan ta fara tasowa ɗaya bayan ɗaya tana juyi. Baba ya sunkuya yana jira ya ga ta tsuke. Tururi ya rufe masa tabarau, ya cire ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya sake sunkuyawa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Buɗewa take yi."

Buɗewa kuwa! Yatsa biyu ya zama uku, kaurinta ya ninka, suna ta birgima a tukunya kamar an dafa bel ɗin wando. Na dubi fuskarsa. Ban taɓa ganinta haka ba, kamar wanda aka ce masa an yi gobara a shago. Dariya ta ƙwace min, daga dariyar kuma sai faɗa, don ni ban iya tsayawa a tsakiya ba. Na ce ga shi an ɓata fulawa, an ɓata ƙwai, an ɓata yini guda, gobe Litinin, da me za mu je gaban likita, da bel? Shi kuma yana ta cewa ai a ƙa'ida bai kamata ba, duk abin da ya sha ruwa komawa yake yi. Muna ta yi, murya a sama, ba wanda ya lura.

"Mene ne wannan a tukunyata?"

Mama ce a bakin ƙofa, ta dafa bango da hannu ɗaya. Na buɗe baki zan ce ta koma ta zauna, amma ta riga ta wuce ni. Ta leƙa tukunya. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yanka?"

"Ni ne," in ji Baba, murya can ƙasa.

"Rara ka bar mata, ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Rara ka bar mata! Ni 'yasu. Shekara arba'in da biyar ina zaune da mutum bai san taliya kumbura take yi ba. Mai almakashi, wannan ɗamarar wa ka yanka? Ke, ba ni kujera. Ba ni cokali mai yatsu."

Na jawo mata kujera gaban murhu. Ta zauna, ta ciro ɗaya, ta riƙe ta a sama tana ɗiga, ta girgiza kai, ta hura, ta gatsa gefe. Ta tauna.

"Cikin bai nuna ba. Da wannan kaurin ina zai nuna?" Ta cinye ragowar tana harararsa. "Kuma lami. Ba ku sa gishiri a ruwan ba? Ina gishirina ma? Wa ya ɗauke min shi daga nan?"

"Ni ce, Mama. Yana can sama."

"Can sama! Da tsani zan dinga girki? Sarkin Sauri, sauri ya haifi nawa. Sauko min da shi."

Ta watsa gishiri da hannu, ba awo. Ta jira kaɗan, ta ciro wata, ta ɗanɗana ko ya shiga. Bai shiga ba. Ta ƙara jira, ta ciro wata. Ya fara shiga amma tsakiyar da saura. Ta ciro wata daga ƙasan tukunya don ta ce na ƙasa sun fi nuna. Kowace kuwa faɗin yatsa uku, tsawon hannu, kuma Mama ba ta iya gatsar abu ta mayar tukunya, ƙazanta ce a wurinta. Ni da Baba muna tsaye kamar an dasa mu. Ban san lokacin da na fara ƙirgawa a zuci ba, halin aiki. Biyar. Shida.

"Tsame. Kar ki zubar da ruwan duka, rage min ludayi biyu. Kai, Mai almakashi, tunda yanka ka iya, yanka min tafarnuwa uku. Ƙanana fa, kar ka bar musu rara."

Ta sa bota a kasko, ta zuba tafarnuwa, ƙamshi ya tashi ya cika kicin ya fita baranda. Ta juye taliyar, ta bi ta da ruwan, ta barbaɗa barkono, ta ce in juya tunda hannunta ba ƙarfi, amma ba haka ake juyawa ba, daga ƙasa ake ɗagowa. Ta ɗanɗana, barkono bai ji ba. Ta ƙara, ta ɗanɗana. Yanzu kuma ya so ya yi yawa, a matso lemun tsami. Ta ɗanɗana. Rana ta karkato ta tagar kicin ta sauka a gefen fuskarta, ga gumi a goshinta, ga maiƙo a leɓenta. Goma sha ɗaya.

Daga nan ta ajiye cokali ta ce, "Ku zuba ku ci. Ni ba na jin yunwa."

Na fita baranda na jingina da bango na yi kuka mai isata. Murna ce, amma kunya ta fi yawa. Sati uku ina kai wa matar nan tire kamar baƙuwa a gidanta, ina ƙirga mata cokali, ina tare ta a ƙofar ɗakin da ta fi shekara arba'in tana mulki, kuma ina ganin jinya nake yi. Daga ciki ina jin ta tana yi wa Baba karatu.

"Rabin yatsa ake yi. Rabi! Kuma a murza har kana ganin inuwar hannunka ta baya. Ka ji ko?"

"Na ji."

Da yamma ta ce a ɗumama ragowar ta ga ko ta yi tauri. Ta yi tauri, in ji ta, bayan ta gwada huɗu.

Litinin sikeli ya nuna ta ɗan ƙara raguwa. Likita ya tambaye ta me ta ci jiya, sai ta gyara zama ta kwashe labari tun daga fulawa, har da nuna masa faɗin da yatsu, har da cewa shi ma in yana da mata ya dinga leƙa tukunya. Ya saurara har ƙarshe yana danne dariya. Ya rufe fayil.

"Na ƙara muku sati guda," ya ce da ni. "Amma kullum fa. In ta sake tsayawa, maganata tana nan."

Muka dawo gida da rana. Mama ta gaji, ta zauna a kujerarta, idanunta suka fara komawa kan labule, rabi a buɗe. Na tsaya ina kallonta, tsoron ya dawo min sabo. Sai na ji ana murza abu a shago.

Na same shi ya shimfiɗa sabon kwaɓi, wannan karon siriri, har ana ganin zanen katakon tebur ta cikinsa. Ya ɗora rula, ya auna rabin yatsa daidai, ya ɗaga almakashi zai ja layi. Sai ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya tura rular gaba da babban yatsa, a hankali, har ta kai biyu.

"Baba, rabin yatsa ta ce."

"Na ji ta."

"To?"

Bai ɗago ba.

"In na yi daidai," ya ce, "me zai taso ta?"

Ya ja layin, ya bi shi ya yanka har ƙarshe. Ya ɗauki ta farko ya rataye a hanga, ya gyara mata zama.

"Je ki ɗora ruwa," ya ce. "Ki bar ƙofar a buɗe yadda za ta jiyo mu."